Sukuru na Huɗu

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai walda da rumfar mai faci, akwai wani ɗan shago da ƙofarsa ba ta buɗuwa gaba ɗaya, saboda tsofaffin talabijin da aka jibge a bayanta. A nan mutumin da ake kira Sannu-sannu ya yi shekara talatin da takwas a zaune. Daga bakinsa ya samo sunan. Duk wanda ya kawo rediyo ko fanka ko dutsen guga yana ɗoki, amsa ɗaya yake samu: "Sannu-sannu dai." Sai ya ajiye kayan a kan tebur, ya kunna, ya kara kunne ya saurara, kafin ya taɓa ko sukuru ɗaya.

A kan kantar da ke bayansa akwai wani farin inji, girmansa bai wuce ƙaramin akwatin rediyo ba. Injin numfashin matarsa ne. An cire masa sukuru uku, na huɗu yana nan a raminsa. Wata biyu ke nan da rasuwarta, kuma wata biyu ke nan bai taɓa injin ba. Ya san abin da ke ciki ne zai gaya masa ko jinkirinsa ne ya kashe ta.

Ba mutum ne mai yawan magana ba. Doka biyu yake da su a sana'a, kuma duk layin an san su. Ta farko, ba ya tilasta wa sukuru da sukuddireban da ba nasa ba. Ta biyu, ba ya fasa murfin kaya ko da mai kayan ya ce ya yarda. "Mai fasa murfi ba mai gyara ba ne," in ji shi, "mahauci ne." A shekara talatin da takwas ba a taɓa mayar masa da kaya don ya tsaga wani wuri ba. Ba shi da mota, ba shi da gidan kansa. Wannan shaidar ita ce abin da ya tara.

Sukuddirebobinsa suna cikin wani naɗi na tsohon tamfol mai aljihu arba'in da ɗaya, kowane da gurbinsa. Matarsa ce ta ɗinka masa a shekarar da suka yi aure, tana ƙara aljihu duk lokacin da ya ƙara ƙarfe. Ɗinki take yi a gida, shi ya sa yake kiran ta Tela. Ita kuwa Injiniya take ce masa, da irin muryar da ke nuna ba ta yarda da muƙamin ba.

"Injiniya, yau ma an samu ƙaruwa ne?" Haka take cewa idan ya dawo da sabo. "Wannan yaron kuma me ya iya da yayyensa ba su iya ba?"

"Ke dai ɗinka masa wuri."

"Rediyon ɗakina wata uku yana tari, ba ka duba shi ba. Amma 'ya'yanka na ƙarfe kullum sai an shafa musu mai."

"Rediyonki ba shi da laifi. Surutunki ne ya fi ƙarfinsa."

'Ya ɗaya Allah ya bar musu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiran ta. Ta girma ta zama malamar makaranta, tana zaune tare da su.

Kaya suka canza a hannunsa yana gani. A da sukuru iri biyu ne, mai tsaga ɗaya da mai tsaga gicciye, kuma duk wanda ya ƙera rediyo ya san wata rana wani zai buɗe shi. Daga baya sai ga wasu iri. Mai tauraro baki shida. Mai fiffike uku. Mai huda biyu kamar maɓallin riga. Mafi ba shi haushi shi ne mai tauraron da aka dasa wa ɗan tsinken ƙarfe a tsakiya, yadda ko kana da sukuddireba mai tauraro ba zai zauna ba, tsinken zai tokare shi. Ba don ƙarfi aka yi su ba. Don a hana irinsa shiga ne.

"Kamar ka sayi gida ne a riƙe makullin ɗaki ɗaya," ya taɓa gaya wa mai walda. Ya yi tsaki ya ci gaba da aikinsa.

Wata rana, kusan shekara guda kafin rasuwar Tela, ya je wurin Dogo mai sayar da kayan aiki a bakin kasuwa. Dogo ya shimfiɗa masa sababbin sukuddirebobi masu tauraro kala biyu. Waɗansu bakinsu cike yake. Waɗansu an huda bakin a tsakiya, don tsinken nan ya shige.

"Baba, ɗauki masu hudar nan," in ji Dogo. "Suna buɗe mai tsinke, suna buɗe marar tsinke. Aiki biyu ke nan."

Sannu-sannu ya ɗaga ɗaya ya duba ta hasken rana. "Ƙarfen da aka rarake cikinsa? Murɗa biyu zai balle."

"Ba ya ballewa, wallahi. Yaran layin waya duk shi suke saye."

"Shi ya sa. Ni na yi kama da yaran layin waya?"

"Kai dai Baba, ko mala'ika ne ya kawo maka ƙarfe sai ka gwada shi da haƙori."

Ya zaɓi uku masu cikakken baki, ya gwada nauyinsu a tafin hannu, ya bar masu hudar. Ba rowa ba ce. Ya yarda da abin da hannunsa ya sani: ƙarfe cikakke ya fi rarakakke. Idan mai tsinke ya zo masa a shago, yana da dabararsa. Zai sa ɗan siririn sukuddireba mai tsaga ɗaya a gefen tsinken, ya lanƙwasa shi a hankali har ya karye, sannan ya sa mai tauraro. Yana cin lokaci, amma lokaci bai taɓa yi masa ƙaranci ba.

Tela ta daɗe da ciwon asma. Da shekaru suka ja sai ya ƙara matsa mata, har ɗan abin fesawar da take ajiyewa a ƙarƙashin matashi ya daina isar ta. 'Yarsu ce ta sayo farin injin. Ana zuba magani a ɗan kofi, a kunna, ya riƙa gurnani yana turo hayaƙin maganin ta bututu zuwa takunkumin roba. Minti goma sai ƙirjinta ya saki. Ranar da aka kawo shi Sannu-sannu ya juya shi ya leƙa ƙasansa, kamar yadda yake yi wa kowane kaya. Ramuka huɗu masu zurfi, a ƙasan kowane sukuru mai tauraro da tsinke. Ya gani. Ya ce a ransa zai koma wurin Dogo. Bai koma ba, don injin sabo ne, kuma aiki ya yi yawa a makon.

Ranar da abin ya faru ya dawo cin abincin rana ne, naɗin tamfol a hammatarsa kamar kullum. A bayan katanga wasu suna ƙona shara da tsofaffin robobi, hayaƙin ya cika tsakar gida. Ya tarar da Tela zaune a bakin gado, ta dafe gwiwoyi, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ƙirjinta yana fito. 'Yarsu tana durƙushe tana danna makunnin injin. Injin ya yi gurnani sau ɗaya ya mutu. Ta girgiza shi, ya sake motsi, ya sake mutuwa.

Wannan ƙarar ya san ta kamar muryar 'yarsa. "Waya ce ta saki a ciki," ya ce. "Minti biyar."

"Baba, mu tafi asibiti."

"Kira mota. Kafin ta zo na gama."

Ya kifa injin a kan tabarma, ya warware naɗin. Sukuru na farko, ya karya tsinken, ya sa mai tauraro, ya fito. Na biyu ma haka. Yana kan na uku motar maƙwabcinsu ta tsaya a ƙofar gida, direban ya danna hon.

"Baba, mota ta zo."

"Saura ɗaya."

Ramin na huɗu ya fi sauran zurfi, haske ba ya kai wa ƙasansa. Ya sa siririn ƙarfen ya danna, sai tsinken ya ƙi karyewa, ya kwanta gefe. Ya sa mai tauraro, ya ƙi zama. A nan ya karya dokarsa ta farko: ya danna da ƙarfi ya murɗa. Ya ji ƙarfe yana cin ƙarfe. Bakin sukurun ya soma gogewa.

"Baba, don Allah, dubi leɓenta!"

Tela ba ta iya magana. Amma ta ɗaga hannu wajen 'yarta, ta yi alamar a bar shi. Shekara talatin da shida tana ganin kaya suna shiga hannunsa matattu suna fita da rai. Ba ta da dalilin shakka.

'Yar ta fita da gudu ta dawo da guduma, ta cusa masa a hannu. "Fasa shi! Baba, fasa murfin!"

Ya riƙe gudumar. Ya ɗaga ta. Ya tuna akwai bututu da famfon tura iska a ƙarƙashin murfin, bai san a wane gefe suke ba, in ya fasa su injin ya tashi aiki har abada. Haka ya gaya wa kansa daga baya. Gaskiyar ita ce hannun ya ƙi sauka. Ya ajiye gudumar ya ɗauki wani sukuddireban.

Motar ta yi kusan minti goma sha biyar a ƙofar gida. Sai da kan Tela ya langaɓe a kafaɗar 'yarta ya jefar da ƙarfen, suka ɗauke ta. A asibiti an yi abin da za a yi. Kafin la'asar Tela ta cika. Likitan, wani mai furfura da gajiya a ido, ya ce ciwon ya taso da ƙarfi sosai, ko da injin ya yi aiki ba shi da tabbacin zai riƙe ta. Sannu-sannu bai tambaye shi batun minti goma sha biyar ba. 'Yarsa ma ba ta tambaya ba.

Ba ta taɓa ce masa kai ne ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Tana dafa abinci ta ajiye masa, ta wanke kayansa, ta gaishe shi da safe. In ya ce "Uwata," ta ce "Na'am," shi ke nan. Keken ɗinkin Tela aka rufe shi da zane. Shi kuma ya ɗauke injin ya kai shago, don kada ta riƙa ganin sa.

A shago yana aiki kamar da, sai dai yakan tsaya da ƙarfe a hannu, idonsa a kan farin injin. Lissafi ɗaya yake juyawa. In famfon injin ne ya ƙone, to ko ya buɗe ba abin da zai iya, kuskurensa na kunne ne, kowa yana yi. In kuwa waya ce kamar yadda ya faɗa, to tsakaninsa da numfashin matarsa sukuru ɗaya ne, da wani ƙarfe mai huda da ya ɗaga ya duba ya ajiye.

Mai walda ya leƙo wata rana ya ga inda idonsa yake. "Maƙwabci, kawo in yanka maka shi da injin yanka. Minti ɗaya ka huta."

"Bar shi."

"To ka jefar mana. Kana zaune da shi kamar mai gadin kabari."

"Na ce bar shi."

A ƙarshen wata na biyu ya naɗe ɗaya daga cikin sukurun nan uku a takarda, ya sa a aljihu, ya tafi bakin kasuwa. Dogo ya hango shi ya washe baki. "A'a, yau Baba ya zo sayen rarakakken ƙarfe ne, ko ya zo zagin sa?" Sai ya tuna rasuwar, ya haɗiye sauran dariyar. "Ya ƙarin haƙuri, Baba?"

"Da godiya. Fito da masu hudar."

Dogo ya kawo wani akwati mai kawuna talatin da mariƙi ɗaya, ana cire wannan a sa wancan. Sannu-sannu ya ture shi gefe. "Mariƙin ya yi kauri. Ramin da zan shiga siriri ne, kuma ya kai tsawon yatsa. Ba ni masu jiki ɗaya, dogaye."

Ya warware takardar. Ya gwada na farko a kan sukurun, ya yi masa yawa. Na biyu ya shiga amma yana rawa, ya ajiye shi, don mai rawa shi ke cinye baki. Na uku ya zauna daram. Ya kifa shi ƙasa, sukurun bai faɗo ba. Ya duba hudar, ya duba kaurin ƙarfen da ya rage a gefenta, ya kama bakin da filaya ya murɗa iya ƙarfinsa. Bai balle ba. Ko lanƙwasa bai yi ba.

Ya daɗe yana kallon sa.

"Na gaya maka ba ya ballewa," in ji Dogo a hankali.

"Ka gaya mini."

Ranar da babu makaranta, da hantsi, ya dawo da injin gida. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake. 'Yarsa ta fito da bokitin wanki, ta ga abin da ke gabansa, ta tsaya.

"Uwata, ina son basillar mamanki. Da tocila."

Ta yi kamar ba za ta motsa ba. Sannan ta shiga ɗaki, ta ɗaga zanen da ke kan keken, ta ɗauko basillar a cikin gwangwanin allurai. Ta durƙusa ta haska masa ramin ba tare da ya ce ta yi ba. Aikin mamanta ne a da, duk lokacin da ya kawo aiki gida.

Da bakin basillar ya riƙa taɓa tsinken da ya kwanta, kaɗan-kaɗan, har ya miƙe tsaye. Ya zura sabon sukuddireban, tsinken ya shige hudar. Ya ɗan buga ƙeyar sukuddireban da guduma sau biyu don ya kama abin da ya rage na bakin. Ya danna da tafin hannu, ya murɗa. Sukurun ya yi ɗan ƙara ya juya.

Ya ɗaga murfin. Famfon lafiya lau, ko ƙauri babu. Bututun yana can ɗaya gefen, nesa da inda gudumar za ta sauka. A bayan makunni wata jar waya ta zame daga gurbinta, tana lilo, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba.

'Yar ba ta san kan inji ba. Da ya ce mata famfo ne ya ƙone, da ta yarda, da kuma wataƙila ta samu sauƙi. Ta dube shi. "Baba, mene ne?"

Ya nuna mata da bakin basillar. "Waya ce. Yadda na faɗa." Sannan ya ƙara, "Aikin minti biyar. Da na saurari Dogo, da na buɗe shi kafin mota ta zo. Da na saurare ki, da na fasa shi ban taɓa komai ba. Da na bar shi mun tafi, da mun isa da sauran numfashinta. Hanya uku, ban bi ko ɗaya ba."

Ta ci gaba da haska cikin injin. Ta sa bayan hannu ta share fuska. Ba ta ce ba laifinka ba ne, shi ma bai nemi ta ce ba.

"Mama ta ce a bar ka," in ji ta can. "Na ga hannunta. Kullum sai na ga hannun nan. Ni ma da na ɗauke ta na fita, ba wanda zai riƙe ni."

"Ke kin yi naki."

"Gyara shi, Baba. Hannuna ya gaji."

Ya kunna ƙarfen dalma, ya jira ya yi zafi, ya mayar da wayar gurbinta ya ɗiga mata dalma. Ya danna makunni. Injin ya ɗauki gurnaninsa, bututun ya fara hura iska a kan tabarma, ba kowa a ɗaya bakin. Suka zauna suna jin sa har ya miƙa hannu ya kashe.

Da ya zo rufewa bai mayar da sukurun kamfani ba. Ya zazzage gwangwanin tsofaffin sukuru, ya zaɓi huɗu masu tsaga ɗaya, irin waɗanda ko da bakin wuƙar kicin za a kwance. Mahaifiyar mai faci ma tana fama da asma, ita aka kai wa injin. Kafin a kai, 'yar ta yanko takarda ta yi rubutu da manyan baƙaƙe irin na allo, shi kuma ya manna a kan murfin: IDAN YA TSAYA KADA A JIRA MAI GYARA. A TAFI ASIBITI.

Tun daga ranar, duk kayan da ya shigo shagonsa da sukuru mai tsinke, da sukuru na kowa yake fita. Ba ya yi wa masu kayan bayani, yawancinsu ma ba sa lura. Tsofaffin yana zuba su a wata kwalba a ƙarƙashin tebur, ta kusa rabi yanzu.

Sabon sukuddireban ba shi da gurbi a naɗin tamfol. Aljihu arba'in da ɗaya ne, duk a cike, kuma mai ƙara aljihun ba ta nan. A aljihun rigarsa yake yawo da shi, har ya huda masa riga biyu. A layin har yanzu Sannu-sannu ake kiran sa, yana kuma amsawa. Amma mai walda, da yake jin komai ta bango, ya ce tun rasuwar Tela bai sake jin kalmar ta fito daga bakinsa ba.